Kumburi a Wuyan Ɗan Fari

Ni ba mai shiru ba ce, gara in faɗi wannan tun da wuri. A firamaren da nake koyarwa an san ni da baki. Na taɓa tsare hedimasta a ƙofar ofis ɗinsa a kan benci guda da aka ɗauke daga ajina, ban matsa ba sai da aka dawo da shi. Mai adaidaita bai isa ya sauke ni inda ban ce ba. Na kawo wannan ne don kada wani ya karanta abin da zan rubuta ya ce ai halinta ne, ba ta iya magana ba. Na iya sarai, kuma ranar da ɗana ya fi bukatar bakina ban buɗe shi ba.

Ni 'yar fari ce a wurin Inna. A gidanmu na Mandawari, kamar sauran tsofaffin gidajen cikin gari, uwa ba ta nuna ta san da zaman ɗanta na fari. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi wani ne zai ɗaga shi. Kunya ake ce wa abin, kuma ado ne ga mace. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Daga ɗakin Gwaggo zuwa na Inna bai fi taku goma ba, amma haka na girma kamar 'yar maƙota. In Inna za ta kira ni sai ta ce “ke”, in zancena take da wani ta ce “'yar Gwaggo”. Idan zazzaɓi ya kwantar da ni, sai ƙanwata ta shigo da koko mai zafi ta ce wai ragowa ce Inna ta rasa yadda za ta yi da ita. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Alfahari ma nake yi, don a duk lungunmu in ana misalin mace mai kunya da Inna ake yi, ni kuma na ƙudurta a raina ba ni zan zubar mata da wannan daraja ba.

Da cikina na fari ya kai wata bakwai, mijina, wanda tela ne a unguwar Kabara, ya mayar da ni gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Gwaggo ce ta karɓi komai. Ita ke raka ni awo, ita ta tanadi garwar wanka da ganyen darbejiya, ita ta kai ni asibiti ranar da naƙuda ta tashi. Inna kuwa tana tsakar gida tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba da muka zo fita, sai dai na lura rariyar da take ta kaɗawa babu gari a cikinta.

Na haihu bayan azahar a ƙaramin asibitin da ke bakin titi, inda na yi awo. Namiji ne, mai suma, da kunnuwa irin na Baba. Gwaggo ta fita nemo ruwan zafi, sai wata nas mai ɗan shekaru ta zo da shi gefen gadona, ta karkatar da kansa dama, ta buɗe ninkin wuyansa ta hagu.

“Maijego, duba nan.”

Na kalla sau ɗaya na kau da kai, alhali ba kowa a ɗakin.

“Ɗan fari ne ko?” ta ce, ta yi ɗan tsaki. “To ki duba da kyau, daga ni sai ke.”

Ƙasan kunnensa akwai kumburi kamar ƙwan zabo, fatar wurin lafiya lau, babu ja babu ƙurji. Ta sa yatsana a kai. Laushi ne da shi kamar ledar ruwan da ba ta cika ba, shi kuma ko motsi bai yi ba, barcinsa yake.

“Ruwa ne, da shi aka haife shi,” in ji ta. “Ba abin tashin hankali ba ne yau, amma ku kai shi babban asibiti wurin likitocin yara cikin satin nan. Abu ɗaya nake roƙon ki. Kada a matsa, kada a gasa, kuma kada ki bari ƙarfe ya taɓa wurin nan. Kin ji ni?”

Na ce na ji. Ta rubuta takarda ta ninke ta cikin katin awona, na tura katin can ƙasan jaka. Kafin magariba muna gida.

Gwaggo ta ga kumburin a wankan farko da ta yi masa. Ta juya shi ta sake juyawa, ta ce, “Angona ya sha ruwan ciki ne, gashi zai sace da shi.” Safe da yamma ta riƙa tsoma tsumma a ruwan zafi tana danna masa. Ina zaune ina shan kunun kanwa ina kallo da wutsiyar ido, maganar nas tana yi mini amo a kunne. Sai a kwana na uku, bayan ta gama fyaɗa mini ganye a bayan gida, jikina na tururi, na samu na ce, “Gwaggo, nas ɗin nan ta ce wai a kai yaron nan asibiti.”

“Wane yaro?”

“Na wurinki.”

Ta yi dariya. “Jaririn kwana uku? Ke kuma da ɗanyen jiki ki fita iska ta shige ki? A bari dai a yi suna.”

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce an hana gashi ba, don ita ke gashin, kuma ita ta rene ni. Ban ambaci ƙarfe ba. Ban fito da takardar ba, don in na fito da ita kowa zai san na ajiye ta ne, na damu ke nan. Rabin saƙo na isar, na gaya wa kaina na sauke nauyi. Mijina kan zo bayan la'asar ya tsaya a soro, a gaisa da Baba, shi ma ba ya tambayar yaron sai dai ya ce, “Ya mutan ciki?” Na rubuta masa dogon saƙo a waya na goge. Abin da na tura daga ƙarshe shi ne a kai yaro asibiti bayan suna. Ya amsa da “Insha Allahu.”

Lokacin da nake samun ɗana shi ne in 'yan barka sun tashi salla ɗakin ya yi sarari. Nan ne nake buɗe shawul in ƙare masa kallo. Ina son yaron nan so mai ciwo, irin wanda ban san yana cikin mutum ba. Ni kaɗai na san ba ya yarda a kwantar da shi ta hagu in zai sha nono. Ni kaɗai na san yakan saki ya ja numfashi da wani ɗan sauti siriri kafin ya sake kamawa. Kuma ni da nake auna kumburin da yatsu kullum na san ba sacewa yake ba, ya tashi daga yatsu biyu zuwa uku. Da na ji takun mutum sai in mayar da shawul, in ajiye shi can gefe, in juya baya ina gyara ɗankwali.

Ranar suna gidan ya cika tun da hantsi. An raɗa suna a masallaci, an yanka rago, ni ina ɗakin Gwaggo an ci ado da lalle, ƙawayena da dangin mijina sun kewaye ni. Sai aka ce wanzami ya iso. Dattijo ne, shi ya yi mini askin suna, ubansa kuma ya yi wa Baba. Ba mugun mutum ba ne, har yau ba zan ce mugu ne ba. Gwaggo ta ɗauki yaron ta fita da shi, suka zauna a tabarma daidai ƙofar ɗakin, labule ne kawai tsakaninmu. Ta gefen labulen ina hango zabirarsa a buɗe, can gaba kuma ina hango bayan Inna a bakin murhu tana tuƙa tuwo.

Yana cikin askin sai na ji ya ce, “Hajiya, wannan fa?”

“Mun yi ta gashi ya ƙi,” in ji Gwaggo.

“Ai gashi ba zai yi ba. Mugun ruwa ne. In kin ba ni izini, tsaga biyu kawai, ya tsiyaye. Kafin arba'in ko alamarsa ba za a gani ba.”

Na ga muciya ta tsaya a hannun Inna, amma ba ta waiwayo ba. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

“Ina za ki, maijego?” Wata gwaggon mijina ce, mace mai barkwanci da kowa ke so. “A'a, ku zo ku ga 'yan boko! Ɗan fari ma yanzu ba a kunyarsa. Kukan aski kawai ta ji har ta miƙe!”

Ɗakin ya ɗauki dariya, wata har da guɗa. Ba da mugunta suka yi ba, wasa ne irin wanda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Kalma shida ce kacal ta rage mini: nas ta ce kada a tsaga. Na san su, suna bakina. Sai na tuna Inna tana jin duk abin da ake, a gaban surukai kuma. Na ce, “Mayafina nake nema.” Na koma na zauna, na jingina da jakar da takardar ke ciki.

Kukansa ya canza. Duk uwa ta san bambancin kukan aski da na ciwo. Na sunkuyar da kai ina kallon lallen ƙafata har ya yi shiru.

Can sai ga Gwaggo riƙe da ƙaramar tasa tana nuna wa mata abin da aka tsiyaye. Ruwa ne fatsi-fatsi kamar shayin da bai ji ganye ba. Aka dawo mini da yaron, kai ƙwal, wuyan ya lotsa, an shafa masa wani baƙin magani. Aka yi ta sa wa wanzami albarka. Kuma ga abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa: ni ma daɗi na ji. Na ce a raina ashe nas ɗin nan tsoratar da ni kawai ta yi, ga shi dattijo ya gama magana cikin minti biyu. Na ci naman suna ranar, na yi hoto da ƙawayena ina murmushi. Gwaggon mijina kuwa da za ta tafi ta dafa kaina ta ce, “Wasa nake miki, 'yata. Kin yi gadon kunya.”

Kwana biyu wuyan ya zauna lafiya. A na uku ya fara cikowa. Ranar da ya kwana goma sha ɗaya a duniya, kumburin ya fi na da sau biyu, ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ya yi ja, ya yi tauri, in ka taɓa kamar ka taɓa murfin tukunya. Bakin tsagar na fitar da ruwa mai wari. Ya ƙi kama nono tun asuba, ɗan sautin nan siriri kuma ya zama gurnani da ake ji daga tsakar gida. Gwaggo ta dube shi, idonta ya nuna tsoro, amma abin da ta ce shi ne a aika a kira wanzami ya ƙarasa fitar da sauran.

Ban yi musu da ita ba. Na zura mayafi, na saɓa yaron a kafaɗa, na ɗauki jakar, na ce, “Asibiti zan kai shi.” Adaidaita ba ta shiga lungunmu, sai an taka zuwa titi. Haka na ratsa lungun da rana tsaka, maijegon kwana goma sha ɗaya rungume da ɗan farinta, mata na leƙowa ta ƙofofi. Abin da na ji tsoro ke nan duk kwanakin nan, ga shi na yi shi, kuma ba abin da ya same ni. Ƙasa ba ta tsage ba, ba wanda ma ya ce uffan. Gwaggo ta biyo ni tana haki, takalminta ɗaya a hannu. A cikin adaidaita na kira mijina, ya rufe shago ya same mu can.

A sashen gaggawa na yara wata likita ce ta karɓe mu, matashiya, daga jin Hausarta ka san 'yar cikin gari ce. Ta kwantar da shi, ta sa aka ja labulen taga, ta kunna fitilar wayarta ta ɗora a gefen kumburin. Can ƙasa wani ɗan yanki ya haska ja, har ana ganin jijiyoyi. Sauran duk ya ƙi haskawa.

“Da ruwa ne zalla, duk sai ya haska haka,” ta ce. “Wannan duhun jini ne da mugunya. Wa ya tsaga shi?”

Gwaggo ta ce wanzami.

“Yaushe kuka fara ganin kumburin?”

“Wajen suna ne, likita,” in ji Gwaggo, tana kallon ƙasa.

Na zuge jaka na ciro katin awo, na zaro takardar na miƙa. Likitar ta karanta, ta dubi ranar da aka rubuta, ta ɗago ta dube ni. Mijina ma ya dube ni, don bai san da wata takarda ba.

“Malama, kin iya karatu?”

“Koyarwa nake yi.”

Ta mayar da ido kan yaron. “Ɗan fari ne?”

Na ce e. Na so ta zage ni, wallahi na so. Ba ta yi ba. Ta ninke takardar yadda take, ta mayar mini, ta juya tana ba nas umarni.

Bayan an ɗauki hoton wuyan da na'urar nan da ake duba ciki, ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce a jikin mutum akwai ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi ban da na jini, to wani lokaci tun a ciki na wuyan jariri ba sa haɗuwa daidai, sai ruwan ya taru a 'yan jakunkuna manne da juna. Ba baki ba ne, ba iska ba ce, ba wani abu ne na ci ko na ƙi ci ba. Shi ya sa tsaga ba ta magani: ka huda jaka ɗaya, sauran na nan, waccan ma ta sake cika. Maganinsa allura ce da ake yi a cikin kumburin, sau da yawa a hankali har ya motse, ko kuma aiki idan yaro ya yi ƙwari. Mijina ya ce to a yi allurar yau.

“Ba yanzu ba,” ta ce. “Cuta ta shiga ta bakin tsagar, ta kai jini. Kumburin kuma yana danne masa maƙogwaro. Sai mun ci ƙarfin wannan tukuna, in Allah ya yarda.”

Aka kwantar da mu. Suka rasa jijiya a hannunsa, sai a kai suka samu, inda wanzami ya riga ya share musu wuri. Aka sa masa robar iska a hanci, ƙarin ruwa, allurai a kan lokaci. Ni aikina in tatsi nono a kofi a ba shi ta wata siririyar roba. A nan, a tsakanin baƙin fuskoki da ba su san gidanmu ba, na fara kiran sunansa. Na sunkuya daidai kunnensa na dama na faɗa a hankali, na sake faɗa, har sunan ya saba da bakina. Ba ni da tabbacin ya ji.

A kwana na uku da kwantar da mu na fito baranda shan iska, ranar ce ake ganin yaran da aka yi wa aiki. Wata mata daga ƙauye ta ga idona, ta tambaye ni me ke damun nawa. Da na faɗa sai ta washe baki, ta janyo wata yarinya 'yar shekara uku da ke ta tsalle a kan benci, ta ɗaga mata haɓa. Wani ɗan layi ne siriri a wuyan, sai ka lura za ka gan shi.

“Nata ya fi kanta girma,” ta ce. “Kakarta ta so a yi sakiya, ni kuwa na zauna a ƙasa na yi ta ihu har aka kawo mu nan. Aka ce ba ni da kunya. Kada ki damu, 'yar'uwa, ga ta nan ras.”

Don ta kwantar mini da hankali ta faɗa. Ni kuwa tsanar matar nan na ji, ita da 'yarta mai tsalle, matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Na ce Allah ya ƙara lafiya, na koma ciki.

Gwaggo kwana biyar ta yi a kan tabarma a bakin ɗakin, ba ta cin abin kirki, carbi a hannu. Sau ɗaya ta kama gefen zanena ta ce, “Ni na ce a tsaga.” Na wuce ciki. Ba haushinta nake ji ba, ita abin da ta sani ta yi. Kawai ba ni da sauran tausayin da zan ba wani. Mijina ma bai taɓa tayar mini da zancen takardar ba, daga ranar har yau.

A kwana na huɗu numfashin ya gagara, suka zura masa roba ta baki. Washegari da hantsi ina zaune ina tatsa a kofi, sai na ga nas ta kira likitar da sauri, suka kewaye gadon. Ban tashi ba, ban san dalili ba, na ci gaba da tatsa har kofin ya kusa rabi. Sannan likitar ta zo ta tsuguna a gabana, ta karɓi kofin daga hannuna ta ajiye, ta ce, “Malama, sai haƙuri.” Kwanansa goma sha shida.

Aka yi masa wanka a gida, aka naɗe shi, mijina ya ɗauke shi a hannu kamar mai kai ɗinki, suka nufi maƙabarta wajen Goron Dutse. Mata ba sa zuwa, don haka ban san wurin ba. Masu gaisuwa suka cika ɗakin da aka yi suna. Kowa na cewa kwana ne ya ƙare, wanzamin ma ya zo soro ya faɗi haka. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa shakka ba, amma yarda da ita bai goge mini abin da na sani ba. Na zauna idona a bushe, don kukan ya ƙi zuwa. Sai na ji gwaggon mijina tana gaya wa ta kusa da ita, “Kin ga 'yar gidan mutunci, ko hawaye ba ta yi a gaban mutane ba.” Da ina da ƙarfi da na tashi na kife mata tiren goro a ka.

Jiki bai san an yi mutuwa ba. Nono ya ci gaba da zuba, kuma wankan jego sai ya cika arba'in ko da ɗa ko babu. Washegari da safe aka hura wuta, garwa ta tafasa, amma Gwaggo ta kasa tashi. Ta ce hannunta ba zai ƙara taɓa maijego ko jariri ba, kuma ta cika maganarta har ta bar duniya. Ina zaune a bayan gida a kan turmi ina jiran ko maƙociya za a kira, sai na ga Inna ta shigo da bokiti, ta ɗaure zane a ƙirji, damin darbejiya a hannunta.

Tun da aka yaye ni hannunta bai taɓa jikina ba. Ta tsoma ganyen ta fara fyaɗa mini a baya, tururi ya cika wurin. Ta fi Gwaggo sauƙin hannu, ban san haka ba sai ranar. Ta yi bayan, ta yi kafaɗu, sai ta tsaya. Tana bayana, ba na ganin fuskarta.

“Na ji numfashinsa tun yana kwana biyu,” ta ce. “Daga ɗakina nake ji.”

Sai ta ɗora da cewa:

“Ranar suna ma na ji abin da wanzami ya ce. Ƙanena haka aka yi masa muna yara, bai kwana bakwai ba. Na tsayar da tuƙi zan yi magana. Sai na ce in na sa baki, za a ce na kasa haƙuri a kan abin da ya shafi 'yar fari. Na ce ke kin yi makaranta, za ki faɗa.”

Ruwa na ɗiga daga ganyen yana sauka a siminti. Na so in ce mata ni kuma saboda ke na koma na zauna, don kada in ba ki kunya a gaban surukai. Bakina ya ƙi buɗuwa. Mu biyu muna gida ɗaya ranar, taku kaɗan tsakaninmu da shi, kowacce ta san abin da za a yi ba daidai ba ne, kowacce tana tsare mutuncin 'yar'uwarta.

Sai ta kira sunana. Cikakken sunana na yanka, a hankali, kamar mai taka wurin da ba ta saba ba. Shekara ashirin da shida ban taɓa jin sa a bakinta ba, kuma tun ina ƙarama nake ƙiyasta yadda zan amsa in ranar ta zo. Ta sake kira. Kukan da ya ƙi zuwa a asibiti, ya ƙi zuwa a gaban masu gaisuwa, ya taso mini tun daga ciki, amma amsawar ta gagara. Abin da kawai nake tunani shi ne, ashe abin ba wuya, ashe baki kawai ake buɗewa, kuma da ɗayarmu ta buɗe nata kwana goma da suka wuce da yanzu yana ɗaki yana jiran in fito in ba shi nono.

Ta jira. Da ta ga ba zan amsa ba sai ta sake tsoma ganyen a bokiti.

“Juyo,” ta ce, “ruwan na hucewa.”